Sarauniyar Fim, Iyayen Daba da Shugaban Leƙen Asiri: Ina Tarihi Ya Tsaya a Labarin Hu Die?

Akwai wani labari da marubuta da masu shirya fina-finai ba sa gajiya da maimaita shi a kan birnin Shanghai na shekarun 1930. Jarumar fim ce, wadda hotonta ya cika jaridu da kalanda, take saukowa daga mota a ƙofar gidan rawa, sanye da doguwar rigar siliki mai tsaga a gefe, masu ɗaukar hoto suna ta rububi a kanta. Duk wanda ya gan ta zai ce ban da kwalliya ba ta san komai ba. Ashe a ɓoye ta yi rantsuwa a gaban dattawan wata ƙungiyar asiri, a cikin gwangwanin hodarta kuma akwai takardar da sojojin Japan za su iya ƙone unguwa guda saboda ita. Uban daba yana ba ta kariya, shugaban 'yan leƙen asiri yana juya ta, wani hafsan abokan gaba ya mato a kanta. Kafin a tashi, ko ta harbe wani ko a harbe ta.

Sunan jarumar yakan canza daga labari zuwa labari, amma in aka kwaye lulluɓin, sau da yawa mace guda ake tararwa: Hu Die, wadda aka naɗa sarauniyar fim ta ƙasar Sin a 1933. A wani fim da darakta Cheng Er ya fitar a 2016, alal misali, akwai uban daba da aka gina a kan Du Yuesheng, akwai tauraruwa mai suna Wu, akwai kuma wani babban mutum mai suna Dai da ya ƙyalla ido a kanta. Duk Basinen da ya san tarihin ƙasarsa ya gane su wa ake nufi. A 2019 kuma Lou Ye ya sa Gong Li ta fito a matsayin 'yar wasan da ta koma Shanghai a makon farko na Disamban 1941 da sunan wasan daɓe, alhali leƙen asiri ne ya kawo ta. Wannan ta biyun ƙirƙirar ta aka yi, amma daga rayuwar irin su Hu Die aka yanko ta.

Abin da ke sa labarin shiga rai shi ne kayan haɗinsa duk na gaske ne. An yi ƙungiyoyin asirin, an yi 'yan leƙen asirin, an yi taurarin, a gari ɗaya, a zamani ɗaya, wata rana ma a kan tebur ɗaya. Abin da tarihi bai nuna ba shi ne Hu Die ta haɗa ukun a jikinta. Kuma hanyar da marubuci yake bi ya haɗa mata su, in aka bi sawu, yawanci tsegumin da aka yi wa matar tun tana raye ne aka wanke aka yi masa sabon fenti.

Sai an fahimci garin kafin a fahimci labarin. Shanghai na wancan lokaci gari ɗaya ne mai hukuma uku. Akwai unguwar ƙasa-da-ƙasa wadda Turawan Ingila suka fi faɗa a ji a majalisarta, akwai unguwar Faransawa, sai sauran garin da ke hannun gwamnatin Sin. Kowane ɓangare da 'yan sandansa da dokokinsa. Mutum zai yi kisa a wannan titi, ya tsallaka wancan, ɗan sandan da ke bin sa ya ja birki domin ikonsa ya ƙare. Inda hukuma ta rabu uku haka, wanda hannunsa ya kai ko'ina shi ne mai gari, kuma a Shanghai wannan hannu na ƙungiyar Qing Bang ne, wato Koriyar Ƙungiya.

Asalinta ba daba ba ce. Zumunci ne na matuƙan jiragen ruwa da ke dakon shinkafar haraji daga kudu zuwa Beijing ta Babbar Mashigar Ruwa. Da aka koma kai hatsin ta teku a ƙarni na 19, dubbai suka rasa abin yi, wasu suka faɗa fasa-ƙwaurin gishiri, wasu suka gangaro Shanghai. Tsarinta na ubangida da almajiri ne: mai son shiga zai sami wanda zai tsaya masa, a kunna turare, ya durƙusa a gaban ubangida, a ba shi matsayi a jerin tsararraki. Rantsuwar nan 36 da shan giya gauraye da jini da ake yawan nunawa a fim an fi sanin su da wata ƙungiyar daban, Hongmen, wadda ta tsiro a lardin Fujian a shekarun 1760, aka kuma san ta da taken kifar da daular Qing. Har Sun Yat-sen, uban jamhuriyar Sin, ya shiga reshenta a Honolulu a 1904. Marubuta suna cakuɗa su biyun saboda Hongmen ta fi kwarjini a ido, Qing Bang kuma ita ce mai Shanghai.

Mutum uku ne suka riƙe ta. Huang Jinrong shi ne babban ɗan sandan ciki na Sinawa a rundunar unguwar Faransawa, wato mai kama ɓarawo shi ne uban ɓarayi. Zhang Xiaolin daga baya ya bi Japanawa, mai tsaron lafiyarsa ya bindige shi a 1940. Na ukun, Du Yuesheng, maraya ne daga Pudong da ya fara da aiki a shagon 'ya'yan itace, ya ƙare yana da banki. Dukiyarsu ta ofiyom ce, amma siyasa ce ta ɗaukaka su: a ranar 12 ga Afrilun 1927 yaransu suka afka wa ma'aikata da 'yan kwaminis na Shanghai a madadin Chiang Kai-shek, jagoran sojojin 'yan kishin ƙasa, bayan an gayyaci shugaban ƙwadago Wang Shouhua gidan Du a daren da ya gabata aka kashe shi. Daga nan Du ya zama mutumin gwamnati, har aka sa shi a kwamitin yaƙi da ofiyom na birnin. A 1937 kuma, da yaƙi da Japan ya ɓarke, shi da Dai Li, shugaban hukumar leƙen asirin soja ta Juntong, suka kafa rundunar sari-ka-noƙe da 'yan ƙungiyar suka cika ta. To a nan marubuci bai yi ƙarya ba: ƙungiyar asiri da hukumar leƙen asiri sun ci a kwano ɗaya.

Tambayar ita ce, ina 'yar wasa take zama a wannan gida? Amsar tana cikin gidan Huang Jinrong kansa. Macen da ta taɓa riƙe iko na gaske a harkarsa ita ce matarsa Lin Guisheng, wadda ba tauraruwa ba ce, ba a kuma buga hotonta a kalanda. Ita ta hango basirar Du Yuesheng ta jawo shi sama. Huang ya rabu da ita ne don ya auri wata matashiyar mawaƙiyar daɓe, Lu Lanchun, wadda yake kallo a matsayin abin nunawa ga tsara. Matsayin 'yar wasa ke nan a idon waɗannan mutane. Ana gayyatar ta biki, ana ba ta kyautar da ba ta isa ta mayar ba, ana faɗa a kanta. Ba a ba ta sirri.

Ita kanta sana'ar sabuwa ce ga mata. A zamanin daular Qing an hana mata hawa dandamali a babban birni, maza ne suke fitowa a mata, shi ya sa shahararren "macen" daɓen Sin na ƙarni na 20 namiji ne, Mei Lanfang. A 1913 aka fara ganin Basiniya a fim, Yan Shanshan, a Hong Kong, ita ma a matsayin baranya. Mijinta Li Minwei ne ya fito a uwargida. Shekara 11 kacal bayan haka Hu Ruihua, 'yar wani ma'aikacin jirgin ƙasa, ta shiga makarantar koyon wasan fim a Shanghai ta ɗauki sunan Hu Die. Aikin mahaifinta ya sa ta tashi a garuruwan arewa, ta iya harshen Beijing rangaɗaɗau duk da asalin iyayenta Guangdong ne, abin da ya cece ta ranar da fim ya fara magana, lokacin da wasu taurari suka faɗi saboda karin harshensu.

Ta yi aiki a kamfanin Tianyi, na 'yan'uwan nan Shaw da daga baya suka cika duniya da fina-finan faɗa daga Hong Kong, sannan ta koma Mingxing a 1928. A can ta fito a jerin fim mai kashi 18 na ƙona wani haikali, inda aka ɗaura mata waya a ƙugu tana shawagi da takobi. Duk mai kallon fim ɗin Chanis da ya taɓa ganin jarumi ya tashi sama ya dira a kan rufin gida, to jikan wannan fim ya gani, ko da yake shi kansa fim ɗin ya ɓace, ba a da shi yau. A 1931 ta ja ragamar fim na farko mai magana da aka yi a Sin. A 1933 wata jarida ta sa masu karatu su zaɓi sarauniyar fim, ta lashe da ƙuri'a 21,334, Ruan Lingyu ta zo ta uku. A 1934 ta fito a tagwaye biyu a fim ɗaya na darakta Zheng Zhengqiu, ɗaya matalauciya mai shayar da ɗan wasu, ɗaya ƙwarƙwarar wani janar, aka yi kwana 60 ana nuna shi a jere.

Shin 'yan daba sun taɓa aikinta? Sun taɓa, amma ba ta inda labarin yake so ba. A 1932 Mingxing ya shirya fim a kan wani shahararren littafin soyayya na lokacin, Hu Die ce jaruma, sai wani furodusa mai suna Gu Wuwei, wanda Huang Jinrong ke mara wa baya, ya ce shi ya riga yin rajistar haƙƙin. Aka tare fim ɗin. Mingxing ya garzaya wajen Du Yuesheng, iyayen daban suka sasanta, kamfani ya biya kuɗi mai tsoka, fim ya fito. Haka hulɗar take: gidajen kallo, bashi, kuɗin kariya, sulhu. Mai kamfanin Yihua ma, Yan Chuntang, ɗan ƙungiyar ne, amma hakan bai hana wasu 'yan takife masu ƙin kwaminisanci farfasa masa kamfani a Nuwamban 1933 ba.

Wani abin dariya kuma, an yi ɗan ɓoye na gaske a Mingxing, kusa da ita ƙwarai. Xia Yan, ɗan jam'iyyar kwaminis da aka haramta, ya shigo kamfanin a 1932 yana rubuta labarai da sunayen aro, shi ya rubuta fim ɗin ambaliyar ruwa da Hu Die ta fito a ciki a 1933. Mai sirri yana bayan tebur da alƙalami, ba wanda ya san fuskarsa. Wadda duk gari ya san fuskarta tana gaban kyamara tana faɗin abin da ya rubuta. Da gaskiya ake nema, shi ne jarumin labarin. Sai dai namiji siriri mai tabarau ba ya sayar da tikiti.

Ƙazafin farko da ya maƙale mata ya zo a 1931. A daren 18 ga Satumba sojojin Japan suka mamaye Shenyang, rundunar Zhang Xueliang, mai mulkin Manchuria, ba ta yi turjiya ba. Jama'a suka fusata, suna neman wanda za su huce a kansa. A watan Nuwamba wani malami ɗan siyasa, Ma Junwu, ya buga waƙar zambo a jarida yana cewa Zhang yana can rungume da mata yana rawa ƙasa tana salwanta, ya kuma ambaci Hu Die a cikinsu. Ita kuwa a ranar ba ta ma isa Beijing ba, inda Zhang yake. Ayarin Mingxing ya je can ɗaukar fim ne bayan abin ya faru. Shi Zhang a daren yana gidan wasa yana kallon Mei Lanfang. Ita da kamfaninta suka sayi fili a jaridar Shen Bao suka ƙaryata, abokan aikinta suka shaida. A banza. Waƙa tana da amo, sanarwa ba ta da shi. Mutane suka haddace baitocin, aka manta da martanin. Bayan fiye da shekara 30, da ta je Taiwan, aka tambaye ta ko tana son ganin Zhang, wanda ke tsare a can, ta ce tunda ba su taɓa sanin juna ba, babu dalilin su fara yanzu.

A lura da abin da waƙar ta yi, domin shi ne ƙashin bayan duk labaran da suka biyo baya. Ta ɗauki babbar masifar ƙasa, wadda dalilanta suka haɗa da lissafin soja da siyasar gwamnatin Sin da ke Nanjing da ƙarfin Japan, ta ɗora ta a cinyar mace guda. Tsohuwar al'ada ce a adabin Sin a ce kyakkyawa ce ta rusa daula. Labarin leƙen asiri na yau ya juya abin ne kawai: maimakon kyakkyawar da ta sayar da ƙasa, sai ta zama wadda ta cece ta. Amma a duka biyun, makomar ƙasa a ɗakin kwananta ake yanke ta.

Ruan Lingyu ba ta iya ɗaukar irin wannan ba. Jaridu suka sa ta a gaba kan rikicinta da maza biyu, ta sha magani ta mutu a ranar 8 ga Maris na 1935 tana da shekara 24, har babban marubuci Lu Xun ya yi rubutu kan yadda bakin mutane yake kisa. Hu Die tana ƙetare a lokacin, ta tafi bikin fina-finai na Mosko. Ta dawo ta auri Pan Yousheng, ma'aikacin wani kamfanin kasuwanci, a ƙarshen shekarar, suka koma Hong Kong da yaƙi ya ci Shanghai a 1937.

Daga nan ne aka shiga gaɓar da marubuta suka fi so. Japan ta kama Hong Kong a Disamban 1941, jami'anta na farfaganda suka nemi Hu Die ta je Tokyo a yi fim da ita. Ta sulale da iyalinta a 1942 zuwa yankin da ke hannun gwamnatin Sin, ta bi ta Shaoguan da Guilin har Chongqing, babban birnin lokacin yaƙi. Kafin ta fita ta haɗa dukiyarta a akwatuna kusan 30, kayan sawa da gwala-gwalai da kyaututtukan da ta tara, ta damƙa wa wata mai taimakon masu gudu, Yang Huimin, ta fitar mata da su. A hanya aka yi fashin kayan. Maganar ta kai kunnen Dai Li.

Abin da ake faɗa daga nan shi ne: Dai, wanda ya daɗe yana kallon fina-finanta, ya ce zai nemo kayan, da bai samu duka ba sai ya sa aka sayo irinsu, ya ba mijinta takardar izinin kasuwanci da ta nesanta shi zuwa Yunnan, ya ajiye ta a wani gida a Chongqing, yana shirin auren ta sai jirginsa ya faɗi kusa da Nanjing a ranar 17 ga Maris na 1946. Labari ne da ya cika sharuɗɗan fim tun kafin a rubuta shi. Amma daga bakin wa ya fito? Mafi yawansa daga Shen Zui ne, tsohon babban jami'in Juntong, wanda 'yan kwaminis suka tsare daga 1949, suka yi masa afuwa a 1960, sannan ya zauna ya rubuta abin da ya sani game da tsohon ubangidansa, a ƙarƙashin gwamnatin da babu wanda ta tsana kamar Dai Li. Wannan bai mai da shi maƙaryaci ba. Ya yi kusa da Dai ƙwarai, kuma masanin tarihi Ba'amurke Frederic Wakeman ya kawo labarin a littafinsa kan Dai Li na 2003. Amma shaidar tsohon fursuna a kan maƙiyin masu tsare da shi ana karɓar ta ne da lura, kuma akwai masu bincike a Sin da suka yi jayayya da ita, suna nuna cewa a lokacin da aka ce tana kulle an gan ta tana harkokinta. Ita da kanta, a tarihin rayuwarta da ya fito a shekarun 1980, ba ta tsaya a kan Dai ba. Ta ce dai an yi surutai da yawa a kan wannan zama nata, an maimaita su har sun zama kamar gaskiya, ita kuma ta tsufa, ba ta da sauran sha'awar jayayya.

Ko da an ɗauki maganar Shen Zui dukanta, me ta nuna? Mace mai 'ya'ya, 'yar gudun hijira, wadda mutumin da ya fi kowa ban tsoro a ƙasar ya ce yana so. Mutumin da yake da kurkukun kansa, wanda tun 1943 yake aiki kafaɗa da kafaɗa da sojan ruwan Amurka. Babu inda aka ce ta kai saƙo, ko ta karanta wasiƙar sirri, ko ta yaudari wani hafsa. Marubucin da ya ba ta bindiga da kalmar sirri ya mai da wadda aka fi ƙarfi ta zama abokiyar aiki. Yana ganin gata ya yi mata, ya ba ta iko. Ni a ganina ya tabbatar da rabin tsegumin ne, wato cewa tana ɗakin Dai Li, sannan ya goge ɗaya rabin, wato cewa in ma ta shiga, ba da ƙafarta ta shiga ba.

Ga kuma matsalar hankali. Tauraruwa ita ce mutum na ƙarshe da ya dace da leƙen asiri. Fuskar da direban tasi da yaron otal da ɗan sandan kan hanya duk suka sani, ina za ta ɓuya? Matan da suka yi aikin da gaske ba haka suke ba, kuma ƙarshensu ba irin na fim ba ne. Zheng Pingru 'yar wani mai gabatar da ƙara ce, mahaifiyarta Bajapaniya, hotonta ya taɓa fita a bangon mujallar Liangyou a 1937, iyakar shahararta ke nan. Zhongtong, wata hukumar leƙen asiri ta gwamnatin Sin, ta sa ta kusanci Ding Mocun, shugaban 'yan sandan asirin gwamnatin 'yan koren Japan, masu ofis a gida mai lamba 76 a titin Jessfield. A Disamban 1939 ta ja shi wani shagon rigunan gashi da sunan ya saya mata kyauta, maharba suna jira a waje. Ding ya hango baƙin fuskoki ta gilashi, ya fice a guje ya faɗa motarsa mai sulke, harsasai suka bi iska. Aka kama ta, aka harbe ta a Fabrairun 1940, ba ta wuce shekara 22 ba. Labarinta ake dangantawa da fim ɗin Ang Lee na 2007, inda aka sa 'yar leƙen asirin ta ji tausayin mutumin ta gargaɗe shi, abin da danginta suka fito suka yi tir da shi.

Guan Lu marubuciya ce. Jam'iyyar kwaminis ta tura ta a 1939 ta shiga jikin Li Shiqun, ɗaya shugaban gidan mai lamba 76, daga baya ta yi aiki a wata mujallar mata da Japanawa ke ɗaukar nauyi, har ta je taron marubuta a Tokyo a 1943. Duk gari ya kira ta maci amana, ba ta da bakin kare kanta domin sirrin aikin ke nan. Da jam'iyyar da ta aike ta ta hau mulki, sai ta ɗaure ta sau biyu. An wanke sunanta a Maris na 1982, ta kashe kanta a Disamban shekarar. Tauraruwar da ta rayu da sirri na gaske kuwa, Li Xianglan, sirrinta ba na soja ba ne: Bajapaniya ce mai suna Yamaguchi Yoshiko, haifaffiyar Manchuria, aka tallata ta a matsayin Basiniya a fina-finan farfaganda. Bayan yaƙi aka tuhume ta da cin amanar ƙasa, takardar rajistar iyalinta ta nuna ba 'yar ƙasar ba ce balle ta ci amanarta, aka mai da ita Japan a 1946, inda ta yi shekara 18 a majalisar dattawa.

Akwai kuma dalilin da ya sa laƙaba wa 'yar wasa leƙen asiri ba abin wasa ba ne a Sin. Jiang Qing, matar Mao, ita ma ƙaramar 'yar fim ce a Shanghai a shekarun 1930, da sunan Lan Ping. Da ta sami iko a zamanin Juyin Al'adu, waɗanda suka san ta a da suka shiga uku. Wang Ying, wadda ta kayar da ita wajen samun wani babban matsayi a wasan daɓe a 1936, ta kuma taɓa yin wasa a fadar shugaban Amurka lokacin yaƙi, an kira ta 'yar leƙen asirin Amurka, ta mutu a kurkuku a 1974. Hu Die ta tsira ne saboda tana Hong Kong tun 1946. A can ta koma fim, ta ci kyautar gwarzuwar jaruma a bikin fina-finan Asiya na 1960, ta ƙaura Vancouver a Kanada a 1975, ta rasu a 1989.

Ban ce kada a rubuta irin waɗannan labarai ba. Yawancin fina-finan Sin na kafin yaƙi sun salwanta, wasu a gobara, wasu a ruwan bama-baman 1937, kuma matasa da yawa ta hanyar irin wannan ƙagaggen labari suka fara jin sunan matan nan. Amma akwai bambanci tsakanin wanda ya sauya suna, kamar yadda Cheng Er da Lou Ye suka yi, da wanda ya ɗauki sunan mace na gaskiya da ranar haihuwarta da sunan mijinta ya ɗora mata rantsuwar da ba ta yi ba. Na farko ya gaya wa mai kallo cewa ƙage ne. Na biyu yana cin moriyar amincin tarihi ba tare da ya biya kuɗinsa ba, kuma bayan shekara goma abin da ya ƙaga zai dawo a matsayin "an ce", kamar dai yadda baitocin Ma Junwu suka yi.

Mutum ɗaya a labarin Hu Die da Dai Li da aka tabbatar an tuhume ta da leƙen asiri, aka kuma kulle ta, ita ce mai akwatunan. Yang Huimin ba baƙuwa ba ce ga Sinawa: ita ce 'yar sikawut ɗin da a Oktoban 1937 ta naɗe tutar ƙasa a jikinta a ƙarƙashin kayanta, ta kai wa sojoji 400 da wani abu da suka maƙale a rumbun ajiya na Sihang suna fafatawa da Japanawa, washegari tutar ta tashi a kan rufin, jama'a suna kallo daga ɗaya gaɓar kogin Suzhou. Bayan ɓatan kayan Hu Die, mutanen Dai Li suka kama ta, ta yi fiye da shekara 3 a tsare, ba a sake ta ba sai bayan mutuwarsa. Ta ƙarasa rayuwarta a Taiwan tana koyarwa, ta rasu a 1992. An sa ta a fim a 1938, an sake a shekarun 1970 inda Brigitte Lin ta fito a matsayinta, an kuma sake a 2020, kuma duka ukun labarin tutar suka bayar, babu wanda ya bi ta zuwa kurkukun Juntong.